Dattijon da Ke Bitar Hankalinsa

A bencin ƙofar likitar ƙwaƙwalwa, inda kotu ke turo waɗanda ake tuhuma a duba hankalinsu, wata lauya tana jiran a kira wanda take karewa. Tun a mota ta gama biya masa karatu: ya hargitsa gashi, ya ƙi amsa sunansa, ya yi ta kallon bango.

A ɗaya ƙarshen bencin akwai wani dattijo da ankwa a hannu. Ba ta san shi ba. Rigarsa ta koɗe, amma a wanke take tas. Tafin hannunsa duk kanta, wataƙila kafinta ne. Yana ta fama da maɓallin wuya, ankwar tana hana shi. Leɓɓansa na motsi: ranar yau, watan da ake ciki, sunayen 'ya'yansa bi da bi. In ya yi tuntuɓe sai ya koma farko.

Gandiroban da ke tsaronsa ya sunkuya ya sa masa maɓallin.

"Baba, ka san fa in likita ta ce lafiyarka ƙalau, gidan yari za ka?"

"Na sani, ɗana. Abin da na yi, da hankalina na yi shi. Ba zan ja wa yarana a riƙa ce musu 'ya'yan mahaukaci ba."

Lauyar ta sunkuyar da kai tana jujjuya takardun da ba karanta su take yi ba. Wanda take karewa ya taɓo ta, ya raɗa mata:

"Barista, gashin ya isa haka, ko in ƙara hargitsa shi?"