Hannun Dikko Marini

Duk wanda ya taso a Gummi ya san Dikko Marini. In bai san sunansa ba, ya san hannunsa. Daga farce har gwiwar hannu shuɗi ne, shuɗin da ya tsufa har ya koma baƙi-baƙi. Tun yana saurayi yake tsoma hannun nan a karofi, ramin rinin da ya gada wurin mahaifinsa a bakin gari. A da marina cike take da mutane, sai atamfar kanti ta zo ta kwashe ciniki, abokan aiki wasu suka rasu, wasu suka koma gona. Zuwa shekarar da nake ba ku labari, karofi ɗaya tal ya rage da rai, nasa.

Ɗansa na fari, Abdulwahabu, bai taɓa kallon rini da idon rahama ba. Boko ya yi, ya zama likitan dabbobi, aiki ya ɗauke shi har Tanzaniya. Babu faɗa tsakaninsu, babu kuma hira. Kun san kunyar ɗan fari: ko sunansa Dikko ba ya kamawa, sai dai ya ce "wancan". Akwai kuma abin da ya tsaya masa a rai shekara da shekaru. Ya taɓa kai wa yaron ziyara makarantar kwana, ya miƙa masa ƙunshin ƙuli-ƙuli gaban abokansa, yaron ya karɓa idonsa a ƙasa. Ladabi ne, ko kunyar hannun ubansa ya ji? Dikko bai sani ba, kuma ba abin da uba zai buɗe baki ya tambaya ba ne.

Ana cikin damina wani direban Sakkwato ya kawo kaset. Dikko ya sa a rikoda, matarsa Saude na zaune gefe tana tsince wake. Muryar Abdulwahabu ce. Bayan gaisuwa ya ce zai zo lokacin kaka ya ɗauki Baba su tafi hutu, ya kai shi gandun daji ya ga zaki da giwa da raƙumin dawa, daga cikin mota. Ya ce a yi fasfo, a yi allurar shawara a karɓo katinta, a sayi takalmi sau-ciki, maganin zazzaɓi kuma a fara sha kafin a tashi. Can ƙarshe ya ƙara da cewa:

"Baba, don Allah kada ka ɗauko tufa shuɗi ko baƙi. Akwai ƙudan tsando a dajin, launin nan yake bi, cizonsa kuma na sa ciwon barci. A ɗinka maka masu ruwan ƙasa."

Wallahi da farko daɗi ya kama Dikko har ya rasa inda zai sa kansa. Wancan ne yau ke neman su yi tafiya tare, su biyu! Ya miƙa hannu zai mayar da kaset baya ya sake ji, sai idonsa ya faɗa kan hannun. Nan take tsoro ya kama shi. In ƙuda na bin shuɗin riga, me zai hana shi bin wannan? Ƙarƙashin wannan tsoron kuwa akwai wanda ya fi shi ciwo: kada dai yaron zagaye yake yi, yana gaya masa cikin ladabi kada ya je ya kunyata shi gaban Turawan da yake aiki da su.

Sauran shiri bai ba shi wuya ba. Tela ya ɗinka masa kaki biyu, da ya gwada Saude ta yi dariya har da riƙe ciki, wai ya fito sak malamin daji. Ya sha allurarsa ko gezau. Wurin fasfo ne wani ma'aikaci ya dubi yatsansa ya ce, Baba kai ai ba sai an sa maka tawada ba. Aka kwashe da dariya, shi ma ya taya su, amma har motarsu ta iso Gummi hannunsa na cikin aljihu.

Washegari ya fara dirza. Lemun tsami, toka, sabulun salo, dutsen goge kaushi, har kananzir. Da ya ga abin na tafiyar hawainiya sai ya jiƙa kanwa mai ƙarfi yana tsoma hannu har sai ya ji raɗaɗi. Saude ta gaji da kallo ta ce masa, Malam, riga hwa aka ce, ba fata ba. Ya ce shi tsando ya san bambancin riga da fata ne? Nan ta gane ba da ƙuda yake yaƙi ba.

Babbar asarar ita ce ya ɗauke ƙafa daga marina. Shi karofi kamar jinjiri yake, kullum sai an duba shi. A motsa da muciya, a tsoma hannu a ji santsinsa, a ɗanɗana a harshe, sannan a san toka yake so ko baban rini. Dikko ya san halinsa, in ya je sai ya tsoma. Don haka ya damƙa wa Gambo, tsohon abokin aikinsa, wanda idonsa ya yi rauni, hannunsa kuma ya daɗe da manta ruwan rini.

Gambo ya riƙa zuwa da labari mara daɗi. Yau kumfa ta ragu, gobe wari ya sauya. Ya roƙe shi ya zo ya tsoma hannu sau ɗaya kawai. Dikko ya dubi hannunsa da ya fara yin toka-toka, wahalar makonni, ya ce a ƙara toka a gani. Shi kansa Dikko abinci ya daina shiga masa. Yakan fita kamar zai je marina, ya kai bakin masallaci ya tsaya, ya juyo. Ya san in ruwan nan ya mutu sai an kwashe ramin ƙarƙaf an sake haɗi, shi kuwa bayansa ya wuce wannan aiki, babu kuma mai taya shi. Ana sauran kwana kaɗan tafiya Gambo ya zo da hantsi, ya zauna a zaure, ya daɗe yana gaisuwa. Dikko bai bari ya faɗa ba, ya ce ya gane.

Ranar da Abdulwahabu ya iso, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, Dikko ya amsa hannunsa na cikin riga. Saude ta kawo fura. To, ludayi dai ba a ɗaukarsa da ƙafa. Hannun ya fito, ya koɗe, ya saɓule, duk ya tsattsage, shuɗi ya maƙale a bakin farce kawai.

"Baba, mi ya samu hannunka?"

"Ka ce yana bin shuɗi."

Abdulwahabu ya dubi hannun. Sannan ya jawo jakarsa ya fito da safar hannu mai ruwan ƙasa, doguwa har gwiwar hannu, ya ajiye a kan tabarma.

"Na tuna da hannun, Baba. Tun can na sayo. Cikin daji kaɗai za ka sa, in mun koma masauki wurin mutane ka cire, babu tsando can."

Wurin mutane ka cire. Dikko ya ji maganar ta ratsa shi har ƙafa. Ashe yaron bai taɓa nufin ya ɓoye komai ba. Daɗi da baƙin ciki suka zo masa lokaci guda.

Abdulwahabu ya gyara zama, ya ce kafin su tafi yana son ya leƙa marina, rabonsa da ita tun yana yaro. Ya tambaya wa za a bar wa karofin.

Dikko ya ajiye ludayin a hankali.

"Ba sai an bar ma kowa ba," in ji shi. "Ya mutu."