Malam Ila Tela da Zaren Awonsa

Da hantsin Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, ina tsakar ciniki ɗanka Jamilu ya bugo mini waya, ya ce Allah Ya karɓi abinSa. Na yi salati, na nemi wuri na zauna. Malam Ila Tela na Kinkinau, aminina na shekara talatin, yau kai ake kira marigayi.

Kowa ya san hannunka a kan shadda, amma ba ɗinki ya sa na ɗauki alƙalami ba. Zaren nan naka nake so in yi wa shaida.

Kai ma da can ƙato ne, muna ce maka Alhaji tun ba ka je Makka ba, don a wurinmu tumbi shi ne alamar hutu. Ba a gano ciwon suga a jikinka ba sai da ya taɓa ƙoda. 'Yarka Nafisat, ma'aikaciyar jinya, ita ta koya maka awon: a yanki zare daidai tsawon mutum, a ninka biyu, a zagaya cikinsa da shi. In bakin zaren bai haɗu ba, a je a duba jini da suga.

Teloli suna da ƙa'idarsu. In magidanci ya ƙara ƙiba, a ƙara yadi a yi shiru, in ma za a yi magana sai a ce, "Ma sha Allah, jiki ya yi kyau." Babbar riga ta rufa wa kowa asiri. Kai ka yi fatali da wannan ƙa'ida. Duk wanda ya haura arba'in ya kawo ɗinki, zare kake fara ɗaukowa kafin almakashi.

Ni ka yi mini nawa gab da azumi, shekara shida ke nan, kuma a gaban jama'a. Taƙi guda ya rage zaren ya haɗu.

"Alhaji Idi," ka ce, "wallahi ba zan yanka shaddar nan ba sai ka kawo mini takardar asibiti. Ni an makara a kaina. Kai da sauranka."

Na ce, "Wurin tela na zo, ba likita ba." Na naɗe shaddata na fice.

Wata takwas ko gaisuwar kirki ba na yi maka. Ba ni kaɗai na ƙaurace maka ba, Sallar waccan shekarar shagonka fayau yake, amma ko gezau ba ka yi ba. Daga ƙarshe na je asibitin, ba don komai ba sai don in ƙaryata ka. Likita ya auna jinina sau biyu, ya dube ni, ya tambaya ko da ƙafata na shigo.

Da na dawo wurinka ba ka yi mini gori ba. Ka dai sa ni cikin masu tattaki bayan Asuba, ka kori lemon kwalba daga majalisarmu, malmalar tuwo uku ta koma ɗaya. 'Yan unguwa suka ce karayar arziki ta same mu. Kai kuwa kana rage mini wanduna kana dariya. Girman kai ya hana ni buɗe baki in ce na gode, wannan kuwa yana ci mini rai.

Ranar jana'izarka na ƙirga mu goma sha ɗaya a sahu, duk waɗanda zarenka ya tura asibiti. Muka ce ba za a sa ka a mota ba. A kafaɗa muka ɗauke ka har maƙabarta, babu wanda ya tsaya haki. Ina alfahari da kai, Ila. Na gode.

Uwargida Hajiya Harira, Jamilu, Nafisat da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ila, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka haskaka kabarinsa. Mun shaida ya gwammace mu yi fushi da shi muna raye, da ya yi mana daɗin baki ya raka mu kushewa.