Ranar da Kakar Mijina Ta Zage Ni

Shekarun baya, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, aka kai ni aure wani ƙauyen masunta kusa da Wara. Ni tashin Yelwa ce, kuma a gidanmu ko "wawa" ka ce sai mahaifina ya sa ka yi istigfari. Sai ga ni a gidan da kakar mijina ke karya kumallo da ashar. Jikokinta, awakinta, har icen da ya ƙi kama wuta, kowa da rabonsa. Ni kuwa kullum sai ta ce, "Sannu, baiwar Allah."

Har kumbura nake, ina ganin tarbiyyata ce ta yi mata kwarjini. Wata rana na faɗa wa ƙanwar mijina haka, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, Kaka ba ta zagin baƙo," ta ce. "Mutum biyu take ma ladabi, wanda ba ta sani ba da wanda ba ta so."

Ranar tuwo bai wuce mini ba. Wace ce ni a cikin biyun?

Ana nan, ran kasuwar Wara ni da Kaka da ƙanwar mijina muka shiga kwalekwale da kwandunan banda. Mun yi nisa iska ta fizge mini sabon ɗankwali. Ni da ban iya iyo ba na miƙe tsaye zan cafo shi. Ban san sa'ar da na faɗa ruwa ba. Na nutse, na taso, na sake nutsewa, sai na ji an damƙi kitsona. Kaka ce, rabin jikinta a waje, tana ja har matuƙin ya kama mata.

Ina amayar da ruwa ta fara. "Ja'ira! Don ƙaniyarki, kan tsumma za ki mutu? Mi zan ce ma uwarki, mai kan kwarya?" Sauran ba za su rubutu ba. Hawaye na zubo mata, tana goge mini fuska da zanenta.

Ni kuwa dariya ta ƙwace mini. Ƙanwar mijina ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Amarya ta zama 'yar gida."

Har yau ba na ashar, kuma jikokina ba su isa su yi a gabana ba. Amma tun ranar na daina auna mutum da laushin bakinsa. Na sha jin "ranki ya daɗe" daga waɗanda ko yatsa ba za su jiƙa saboda ni ba. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe mata bakin nan nata.