Shanun Baffa da Tubalin Ƙungiya

Duk wanda ya zauna a Ɗansoshiya a shekarun nan ya san Baffa, dogon Bafulatanin nan mai malafa da ba ya fashin aikin gayyar ranar Asabar. Asalinsa mutumin wajen Doguwa ne. Annobar shanu ta 1983 ce ta cinye masa garke, ya iso nan da matarsa A'isha da shanu bakwai kacal. Ya kafa bukka a bayan gari, bai san kowa ba, kuma ba ya so kowa ya san halin da yake ciki.

'Yan Ƙungiyar Haɗin Kai ne suka fara zuwa masa. Wata Asabar ya ji sallama, ya fito ya tarar da maza kusan ashirin da gatura da fartanyu, sun zo sassabe masa gonar da mai gari ya ba shi aro. Kunya ta hana shi ko yin godiyar kirki. Asabar ta gaba sai ga shi da tasa fartanyar a kafaɗa.

Ranar da za a karɓe shi a ƙungiya, wani Shitu ya ce shi dai bai yarda ba, makiyayi ba ya zama ɗan gari, ranar da shanunsa suka yi ɓarna za a neme shi a rasa. Shugaban ƙungiya, Malam Ubale, ya tsawatar, kowa ya manta. Baffa ne kaɗai bai manta ba. Shekara takwas yana kiwo kamar mai tafiya a kan ƙwai, ko ganyen wake shanunsa ba su taɓa tsinka a gonar wani ba.

Aikin ƙungiya ba abin a buga a jarida ba ne. Wannan satin a cike ramin da ruwa ya ci a hanyar Kiru, wani satin a yashe rijiya, wani a nome maƙabarta. In hantsi ya dubi ludayi a koma gindin ɗorawa a sha fura, a tambayi wanda ba shi da lafiya a je a duba shi, sannan a shiga tsokanar juna. A nan Gwadabe maƙeri ya fi kowa, kuma da yake maƙera abokan wasan Fulani ne, Baffa ne abincinsa. Baffa ba ya iya ramawa, sai dai ya ja malafa ya rufe fuska yana dariya. Gaskiyar magana, ba shi da 'yan'uwa a ƙasar nan in ba mutanen gindin ɗorawar nan ba.

A ranin 1991 ƙungiya ta ɗauki aikin gina ɗakin shan magani. Asabar uku ana kwaɓa ƙasa da ƙafa ana dunƙula tubali, aka jera su a bakin kududdufi suna shan rana. Ranar wata Laraba da azahar, haihuwa ta tsaya wa saniyar Baffa a daji. Ya durƙusa a kanta ya manta da duniya. Kafin maraƙi ya faɗo, sauran shanun ƙishirwa ta ja su, kuma hanyar ruwa ta tsakiyar tubalin ta bi.

Da ya isa bakin kududdufin, sai ya tarar da ɓarnar da suka yi wa tubalin. Busassun sun farfashe, ɗanyun sun koma taɓo. Babu kowa a wurin. To, a nan ne mutumin kirki ya yi wauta. Ya kora shanunsa, ya karyo reshen darbejiya ya share sawunsu, ya sulale gida.

Kwana uku abinci bai shiga cikinsa ba. Ranar Juma'a ma a garin Yako ya yi salla don kada ya haɗa ido da kowa. Da ya dawo ya ce wa A'isha ta fara tattara ƙore, ƙila tashi za su yi.

"Ni na gaji da ɗaure kaya, Malam," in ji ta. "Mutanen da suka sassabe maka gona kake gudu? Ka je ka faɗa musu. In sun kore mu, ai da bakinsu ne."

Asabar da safe ya tafi, ba fartanya, ba sanda. Ya tarar da su duka a bakin kududdufi, ba wanda ya taɓa aiki. Ya durƙusa ya gaida Malam Ubale, ya bi sauran da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har dai gaisuwa ta ƙare masa.

"Ranka ya daɗe, shanuna ne," ya ce. "Na gani, na ɓoye. Duk abin da kuka yanke na ɗauka."

Sai Gwadabe ya yi gyaran murya.

"Kai Ɗan Fulani, wa ya koya maka ɓoye laifi? Ka share sawu tas, ka bar mana kashin shanu tuli guda! Ko cewa ka yi za mu zaci na kaji ne?"

Dariya ta ɓarke, har Shitu sai da ya riƙe ciki. Malam Ubale ya ɗaga hannu.

"Tun Laraba da la'asar muka sani, Baffa. Na ce kada wanda ya taka gidanka. In namu ne, da ƙafarsa zai zo. Tubali ƙasa ne, yau ma sai mu sake. Rashin zuwanka ne da ba mu san yadda za mu yi da shi ba."

"Amma fa ba a yafe wa shanu ba," in ji Gwadabe. "Tunda sun iya taka ƙasa, su zo su kwaɓa mana. Mu ƙafafunmu sun gaji."

Wani irin sauƙi Baffa ya ji ya sauko masa, yana nan durƙushe sai da Gwadabe ya kamo hannunsa ya tashe shi.

Ya koma gida kusan da gudu. A'isha tana tsakar gida ta ga ya wuce ta ya nufi turke yana kwance shanu ɗaya bayan ɗaya. Ta saki muciyar da ke hannunta.

"Ina kuma muka nufa, Malam?"

"Bakin kududdufi," in ji shi. "An ba su aiki a ƙungiya."

Ta zauna a kan turmi, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Shi kuwa bai tsaya tambayar kuka ne ko dariya ba, don mutane suna jiransa.