Giɓin da Toshe Ya Bari

Ƙanin mijina magini ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya tsani rami kamarsa ba. Idan ya zo gidanka gaisuwa, idonsa ba ya kanka, yana kan bango. Kafin ka kawo masa ruwa ya riga ya gano tsagar da ke bayan ƙofa, ya zura yatsa a ciki, yana girgiza kai kamar an gaya masa rasuwa. Washegari sai ga shi da ragowar siminti a leda. Ni na laƙaba masa suna Toshe, sunan kuma ya bi shi har jikokinsa suka tashi suna kiransa Kaka Toshe. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Matar Yaya nake, har bayan yayan nasa ya daɗe a ƙasa.

Lokacin da aka kawo ni gidansu, saurayi ne dogo siriri mai ɗaukar kwanon kwaɓi a ka. A gabana ya zama magini. Ya gina shaguna da ajujuwa da benayen mutanen da ba su san fuskarsa ba, nasa gidan kuwa shi ne na ƙarshe da ya samu shafe. Siminti ya cinye tafin hannunsa ya zama kamar bayan kada. Ba shi da surutu, ni kuma ina da na mutum uku, shi ya sa muka daidaita.

Matarsa ta rasu, gwiwoyinsa suka ƙi hawa tsani. Aikin ƙarshe da ya karɓa gyaran daɓe ne a wani shagon da ake sayar da kifayen ado. A can ya ga wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, an haska shi da shuɗiyar fitila, da duwatsu a ciki, wasu abubuwa masu rassa sun tsiro a kansu. Mai shagon ya ce masa murjani ne, kuma yana da rai, yana girma. Toshe ya gama daɓen, amma bai daina zuwa shagon ba. Ba a jima ba aka sauke masa nasa akwatin a falo, mai tsawon gadon yaro.

Na ce, "Toshe, mutane in sun rasa mata aure suke yi. Kai ka auro teku? Kai da ko wankan bokiti ma numfashinka ɗaukewa yake?"

Ya ce, "Matar Yaya, ke kika ƙi ni. Me kike so in yi?"

Ginin farko da ya yi a cikin akwatin, ginin magini ne sak. Ya jera duwatsun a jikin gilashin baya, kowanne ya zauna daram a kan ɗan'uwansa, ya bi duk wata kafa ya liƙe da gam. Katanga ce wadda ko gwamnati ta gani sai ta ba shi kwangila. Amma ruwa ya rasa inda zai bi. Datti ya taru a baya, gansakuka ta rufe komai, kifayen suka rasa maɓoya suka koma cizon juna. Murjanin ya yi fari fat, ya mutu. Mai shagon ya zo ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, ai gidan yari ka gina musu."

Ranar ban tsokane shi ba. Na same shi zaune da mataccen reshe a tafin hannu, yana juya shi. Ya ce, "Abin da na iya shi ya kashe shi."

Ya kwashe komai ya sake daga farko. Ya zana girman akwatin da alli a kan teburin cin abinci, ya riƙa jera duwatsun a bushe, ya rushe, ya sake jerawa, har 'ya'yansa suka koma cin abinci a cinya. Ni ce nake shan karatun, don ni ce ba ni da aikin yi. Dutse sai ya zauna a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, don kada kifi mai tono ya kayar da shi. Tsakanin dutse da gilashi a bar inda hannu zai wuce. Kowane kogo a yi masa ƙofa biyu, don wanda aka kora ya samu mafita. Na ce masa da ya san wannan tun da wuri, da an rage faɗa a gidajen da ya gina wa mutane.

Daga ƙarshe tsibi biyu ya tayar, na hagu dogo, na dama gajere, kowanne ya miƙo hannu wajen ɗan'uwansa amma ba su taɓa juna ba. Tsakaninsu giɓi ne da ya kai taƙi guda, fanko, sai ruwa.

Na ce, "Dutsen ne ya ƙare, ko hankalin?"

Ya ce, "Wurin masu zuwa ne."

Da ruwan ya kwanta, ya samo murjani ɗaya mai rassa, mai launin ruwan ganye, ya karya shi biyu, ya dasa rabi a bakin kowane tsibi suna fuskantar juna. Ya ce da iri daban ne, ranar da suka haɗu sai su ƙone juna. Amma waɗannan jiki ɗaya ne, in sun taɓa sai su manne su zama gada. Na tambaye shi yaushe. Ya ce shekaru, in an yi sa'a. Abin da yake so ke nan, kuma bai ɓoye wa kowa ba: ya ga gadar da ba hannunsa ne ya gina ba ta rufe da kanta.

Haka muka zauna muna tsufa, mu uku, ni da shi da giɓin. Duk safiya zai goge gilashi, ya gwada gishirin ruwa da ɗan abin awonsa, ya ba kifaye abinci, sannan ya kara ɗan yatsansa a jikin gilashi ya gwada abin da ya rage. Taƙi ya koma tafin hannu. Tafin hannu ya koma yatsu uku. Nakan ce masa na ga surukai masu kunya, amma ban ga masu jan aji kamar waɗannan ba.

Saura kamar yatsu biyu ciwon ya same shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai "to" kaɗai ta rage masa, da ita yake cewa e, da ita yake cewa a'a. Aka dawo da shi daga asibiti aka sa masa gado a falo, fuskarsa tana kallon akwatin. Likita bai yi mana ƙarya ba, mu ma ba mu yi wa kanmu ba. Na tattaro kayana na dawo gidan, na zama hannunsa. Ni da nake ƙyamar ƙarnin kifi, ga ni da hannun riga a naɗe har kafaɗa, yana ba ni umarni da ido.

Babban ɗansa direban bas ne, yaro mai tausayi, irin wanda ba ya iya ganin abu bai yi wani abu a kai ba. Jinin Toshe ne, me kake tsammani? Ya ga mahaifinsa yana wuni yana kallon giɓin nan, ya lissafa abin da dukanmu muka lissafa. Wata rana da la'asar ina kicin, na ji ana ta "to, to, to" da ƙarfi, irin wadda ban taɓa ji ba. Na fito da ludayi a hannu. Yaron yana tsaye, hannunsa yana ɗigar ruwa, ya samo wani ɗan dutse dogo ya ɗora a kan giɓin ya haɗe tsibin biyu.

Ya ce, "Inna, duba, ya ji daɗi. Na rufe masa ya gani da idonsa."

Na dubi Toshe. Hawaye yana gangarowa ta ɓarin da ya mutu, hannunsa mai lafiya yana dukan katifa.

Na ce, "Kai, ɗan nan, tun kafin a haife ka nake karanta fuskar nan. Wannan ba 'to' ɗin murna ba ce. Cire."

"Inna, ba zai kai lokacin ba fa," ya faɗa ƙasa-ƙasa, don kada uban ya ji.

"Ya sani. Jikinsa ne ya shanye, ba kansa ba."

Ya tsaya ya kasa motsi, don shi ma kukan yake so ya yi. Na ajiye ludayin na zura hannu da kaina, na ɗaga dutsen a hankali. Dutsen ya ɗan goge kan reshen hagu, wurin ya yi fari kamar ƙwayar shinkafa. Na miƙa wa yaron dutsensa na ce ya je ya tokare ƙofar banɗaki da shi, ta daɗe tana buƙata. Toshe ya yi wani sauti a maƙogwaro. Ni dai na ce dariya ce, kuma babu wanda ya isa ya musa mini.

Bayan an jima ya ɗaga yatsu biyu na hannun hagu ya nuna gilashin. Ɗan nasa ya fahimta. Ya durƙusa ya kara yatsunsa a inda uban yake karawa, ya ce, "Baba, bai kai biyu ba. Ɗaya da rabi." Daga ranar shi ya karɓi awon. Kafin ya fita aiki sai ya gwada ya faɗa wa uban, da gaskiya, ba ragi. Farin tabon ya warke, reshen ya ci gaba da tafiyarsa ta mai sarauta.

Saura faɗin yatsa ɗaya Toshe ya cika, da hantsi, bayan an ba kifaye abinci. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Bai ga gadar ba. Ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa hakan bai yi mini ciwo ba.

Masu zuwa ta'aziyya sun ba da shawara iri-iri a kan akwatin, a sayar, a kyautar, a mayar shago. Ɗan ya ce yana nan inda yake, ni kuma na ce duk wanda ya sa hannu a ruwan nan zai san dalilin da ya sa ake tsoron bakina. Na ci gaba da goge gilashi, shi ya ci gaba da awo, ko da yake ba wanda zai gaya wa sai ni.

Watanni suka wuce. Wata safiya ya kara yatsa ya ga babu inda zai kara. Ina kicin ya kira ni da muryar da ta sa na zata gobara ce. Rassan biyu sun taɓa, wurin haɗin ya yi ɗan kumburi kamar gaɓar yatsa, wani ɗan kifi rawaya yana wucewa ta ƙarƙashi abinsa, ko a jikinsa. Gadar ta ɗan karkace zuwa hagu. Da Toshe ne ya gina ta haka a wajen aiki, da ya rushe ta kafin azahar.

Yaron ya ce, "Inna, yanzu me za mu yi?"

Na ce, "Ka ga wancan ramin na bayan tsibin dama? Ka rabu da shi. Je ka wanke hannunka, ka makara aiki."