Ni Na Ce Ta Jira Alhamis

A saman benen da muka tashi a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira, tsakanin tankin ruwa da kejin tantabarun mai gidan, nan kakarmu take hura gawayinta. Habboba muke ce mata, yadda ake kiran kaka can gida. Ciwon ido ne ya kawo ta Alƙahira, aka ce wata uku za ta yi, sai ga shi ta shekara goma sha ɗaya, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda shayin da aka dafa a kan gas shayi ne ba. Lokacin sanyi, da an sallame magariba, sai mu haura, ni da ƙanwata Hauwa'u da 'ya'yan maƙwabta, mu kewaye ɗan murhunta na ƙarfe. Ƙasa 'yan tuk-tuk, masu keken haya mai ƙafa uku, suna ta zuba hon, sama Habboba tana fifita wuta da murfin kwano.

Ni maigida take ce mini. "Maigida, yau ma ba cefane? To matsa can, wutar ta masu kawo gawayi ce." In na ɓata rai sai ta miƙo mini gyaɗar da ta gasa a toka, shi ke nan an shirya. Tatsuniyoyinta na dariya ba su ƙirguwa, amma akwai guda ɗaya da ba ta yin ta sai ranar da rediyo ya ɓata mata rai. Muna ganin ta kashe shi da ƙarfi ta tura ƙarƙashin zane, mun san yau ta masaƙiyar tabarma za mu sha.

"Ga ta nan, ga ta nanku, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya jiyo."

Wai garuruwa biyu ne suke yaƙi a kan rijiya ɗaya. Da mutuwa ta ishi kowa, dattawa suka shiga tsakani, suka ce gari ɗaya ya ɗiba da safe, ɗayan da yamma. Sarakunan biyu suka ce sun ji, amma sai an saƙa sabuwar tabarma da za su zauna a kai su ƙulla alkawari. Aka ba wata tsohuwa aikin, wadda ɗanta tilo yana can fagen fama. Ta duƙufa ba dare ba rana, don ta san kowace kaba ta soka, ɗanta ya ƙara taku ɗaya zuwa gida.

Ranar da ta gama, a ranar mayaƙan sarkinsu suka ci wani ƙauye. Sarki ya dubi tabarma ya ce, "Wa ke sauke tukunya tana tsakiyar tafasa? Wannan ta yi mini kaɗan yanzu, a ƙara mata faɗi." Tsohuwa ta koma ta ƙara. Kafin ta gama aka ƙwace ƙauyen, har da wani a kai. Ta kawo tabarma, sarki ya ce ba zai zauna da ƙura a gwiwa ba, sai ya rama tukuna. Ran da ya rama kuma, sai wancan sarkin ya ce shi ma ba zai zauna da ƙura a gwiwa ba. Haka aka yi ta yi har damina uku, tabarma tana girma, gari yana raguwa. Ran nan aka kawo wa tsohuwa ɗanta a kan kafaɗu, ba ko ƙyallen da za a rufe shi a garin, ta yanki gefen tabarmar aka naɗe shi.

"Ƙarshe fa?" Hauwa'u ce kullum mai tambayar nan, ko da ta san amsar.

"Ƙarshe suka zauna a ƙasa tsirara, suka ce gari ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Maganar ranar farko, ko wasali ba su canza ba." Sai ta tofa a toka ta ce, "Tir!"

Ni kuwa hukunci nake jira, don a sauran tatsuniyoyi mugu ba ya kwana lafiya. Na ce, "Habboba, me ya sami sarkin?" Ta kalle ni da idonta mai hakiya ta ce, "Me zai same shi, maigida? Ƙiba ya yi." Ko ƙurunƙus ba ta yi wa wannan tatsuniya. Tashi kawai take yi ta yayyafa wa gawayi ruwa, mu sauka muna jin haushin wani sarki da ba a taɓa yi ba.

Yanzu shekarata arba'in da biyu, direba nake a Zamalek, unguwar manya a nan Alƙahira, a gidan wani babban mutum da ke cikin masu shiga tsakani a yaƙin da ake yi can gida. Hauwa'u ta yi aure can tun da daɗewa, yaƙin ya rutsa da ita a garin mijinta, da 'ya'ya biyu da jaririya 'yar wata biyu. Wata Litinin ta kira ni ta ce akwai babbar mota da za ta fita gobe ta hanyar hamada zuwa nan, tafiyar kwanaki ce, akwai 'yan tare hanya, amma maƙwabtanta sun ce za su shiga. "Yaya, mu bi su?"

A makon nan ni na yi ta jigilar wakilan ɓangarorin biyu daga filin jirgi zuwa masauki. Da idona na ga zauren da aka gyara, na ga furanni, na ga tutoci, na ga alƙalumma biyu a cikin akwatin ƙarau. Da kunnena na ji ana cewa Alhamis za a sa hannu a tsagaita wuta a buɗe hanya. Sai na ce mata, da muryar wanda ya san manya, "Kada ki jefa jaririya cikin hamada. Ki jira Alhamis, ku zo a bas kamar mutane." Ta ce, "Tamam, shi ke nan, yaya, tunda kai ka faɗa."

Ran Laraba sojojin shugaban ƙasa suka ƙwace wata gada. Da la'asar ina tuƙi a bakin kogi, mai gidan nawa yana baya yana waya, na ji yana cewa shugaba yana ganin a ƙara mako biyu ana matsawa, don a zo teburi da ƙarfi. Ya ajiye wayar, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, gobe ba fita, ka huta abinka." In huta! Wallahi da ba don tuwon 'ya'yana yana cikin sitiyarin nan ba, da a tsakiyar titi zan kashe motar in ba shi mabuɗinsa. Mako biyun ba su cika ba ɗaya ɓangaren ya ci wani gari, su ma suka ce yanzu ba lokacin zama ba ne. Hanyar hamada kuma ta rufe gaba ɗaya.

Abin da yake ci mini rai, babu wanda ya yi mini ƙarya. Furannin na gaske ne, alƙalumman ma haka. Mutumin da bai taɓa kwana da ƙishirwa ba ne ya auna gada ɗaya da rayukan gari guda, ya ga gadar ta fi nauyi, ya ci abincinsa ya kwanta. Ina yaro na ɗauka Habboba muguntar sarakuna take nuna mana. Ashe mu take ja wa kunne, mu da muke ganin ana shirya wurin zama mu ɗauka an zauna. Ta faɗa mini ya fi sau ashirin, da gyaɗa a hannuna, amma da na ga manya sun sa kwat sun yi murmushi sai na manta.

Motar da ta fita ran Talata ta iso lafiya. Maƙwabciyar Hauwa'u tana nan layinmu tana sayar da shayi, in na hango ta sai in canza hanya. Wayar Hauwa'u ta yi wata biyu ba ta shiga, sai kwanan nan saƙon murya ɗaya ya samu ya fito. Ba ta zarge ni ba, da ma ta zarge ni da na fi samun sauƙi. Ta ce suna raye, ruwan nono ya ƙafe, jaririyar ba ta kuka sosai yanzu. Sannan ta ce, "Yaya, an ce za a sake zama. Kai da kake kusa da su, mu ci gaba da jira ne?"

Kwana tara ke nan saƙon yana wayata, ban ba ta amsa ba. Gobe da safe zan wanke mota in tafi filin jirgi, wakilan sun dawo.