Ƙaron da na liƙa wa murfin tanki

Ni ba makanike ba ne. Lauje na sani, shi na gada. Shekarar da aka ba mu jiha, wani kawuna ya sama mani aikin lebura a wani gidan saukar baƙi a Kaura, ina shara ina yankan ciyawa. Bayan damina uku sai ga injin yankan ciyawa an kawo daga Gusau, ja, mai ƙafa huɗu, ana tura shi kamar baro. Aka ce daga yau babu lauje.

Lokacin Shari'a tana sabuwa. Duk inda ka zauna, kasuwa ko teburin mai shayi, zancen ɓarawo da hannunsa ake yi. Ga kuma wahalar mai. Manajan gidan da kansa yake zuba mani fetur, ya leƙa tanki, sannan ya dube ni. Ban taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba, amma kallon nan ya hana ni sakat.

Wata rana ina goge injin, na ga wata 'yar huda a tsakiyar murfin tanki. Na kai hanci, na ji warin fetur. Na ce to, ta nan man yake gudu, gobe a ce ni na sha. Na samo ƙaro, na jiƙa, na liƙe ta tsaf. Har daɗi na ji, wai na yi dabara.

Daga ranar inji ya tsiro da hali. Jan igiya ɗaya zai tashi, ya yanke layi biyu, sai tari, sai ya mutu. In na buɗe tanki na duba, mai yana nan. Na rufe, na ja, ya tashi, layi biyu ya sake mutuwa. Na kankare fulogi, na tace mai da tsumma, a banza. Kwana huɗu muna haka, ciyawa ta kusa gwiwa.

Manaja ya kira ni. Ya ce, "Injin da bai yi wata ba? Kananzir kake zuba masa, kana kai fetur wa 'yan bumburutu. Jibi baƙi na zuwa. In fili bai kwanta ba ka aje aikin, sauran maganar kuma ba a nan za a yi ta ba."

Na gane inda yake nufi, gaban alƙali. Ga iyali, ga gonar da na bar wa ƙanena a Birnin Tsaba.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu da ya yi aikin gyaran kan jirgin ƙasa a tasha har ya gaji. Kullum da hantsi yakan zo da buhu ya kwashe wa tumakinsa ciyawar da na yanke. Washegari ya iske ni durƙushe gaban injin.

Ya ce, "Kai, mi ka yi ma wanga inji? Tumakina na azumi saboda kai."

Na ce, "Baba, wallahi ban yi mai komi ba."

"Tada shi in ji."

Na tada. Da ya mutu, tsohon ya sassauta murfin yana kasa kunne, muka ji iska ta shige, fuu. Ya juya murfin, ya karce da farce, ya sansana.

"Ƙaro? Tawada za ka haɗa?"

Na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Gwangwanin madara huda nawa kaka yi mai?"

"Biyu."

"In ka toshe guda, madara na zuba?"

Na ce a'a. Ya tsinci ƙayar aduwa ya buɗe hudar, ya busa. Na ja igiya. Layi biyu, layi biyar, layi goma, inji yana ta ruri.

Ƙarar ce ta fito da manaja. Ya ce, "Baba, me ya same shi?"

Tsohon yana cusa ciyawa a buhu, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Iska ce ba ta shiga. Manka lafiya lau, yaron ga bai taɓa shi ba."

Ina da furfura a gemu, amma ban taɓa jin daɗin a kira ni yaro kamar ranar ba. Manaja bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Kafin la'asar fili ya kwanta. Na yi aikin nan har gwiwoyina suka gaza, kuma har tsohon ya rasu ni nake kai masa buhu ƙofar gida. Allah Ya jiƙansa, ya rufa mani asiri.